Shagon taifin na Aboabo da Malam mai karanta ajami: ra'ayina bayan na gama furojet ɗina na tarihi

Duk ɗalibin da ke rubuta furojet na tarihi kuma aikinsa ya taɓo zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi a Ghana, musamman in akwai tsofaffin takardun ajami ko hira da dattawa a ciki, to shagon nan na unguwar Aboabo a Kumasi ya cancanci ka je, amma ka je da idonka a buɗe, don akwai abin da suka iya sosai da sosai, akwai kuma abin da in ka sakar musu baki ɗaya wallahi sai ka yi kuka ranar difens, ranar kare aikinka a gaban malamai. Shagon ba shi da wani allo mai suna, a jikin ƙofa ne kawai aka rubuta taifin, fotokwafi, bayindin da fenti shuɗi wanda ya fara koɗewa, ɗaki ne ɗaya a bayan wani ƙaramin masallaci, in ka sauka daga piragiya, wato keke mai ƙafa uku, ka ce wa masu sayar da koko a bakin layin kana neman Malam mai karanta tsohon rubutu za su nuna maka. Mutum biyu ne ke riƙe da wurin, dattijon da kowa ke kira Malam, da ɗan ƙaninsa wanda shi ne ke kan kwamfuta da firinta.

Ni a Tech nake, wato jami'ar KNUST ta Kumasi, shekarar ƙarshe, kuma abin da na rubuta a kai shi ne dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, da yadda ta taɓa fataucin goro a zangon Kumasi. Ga wanda bai sani ba, ranar 18 ga Nuwamba 1969 aka fitar da dokar, Busia bai daɗe da hawa ba, aka ce duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama an ba shi sati biyu ya samo ko ya bar ƙasar. To a zango kuwa waye ke yawo da takarda a lokacin, mutum an haife shi a Yalwa ko Alabar, ubansa ya zo daga Kano ko Sakkwato tun zamanin Turawa, bai taɓa jin cewa shi baƙo ba ne sai ranar. Ƙidayar 1960 ta nuna wajen kashi 12 cikin 100 na mutanen Ghana asalinsu daga waje ne, saboda haka ba ƙaramin taro dokar ta shafa ba. Abin da ke cikin littattafan laburare galibi maganar siyasa ce da adadin mutanen da suka fita, ni kuma abin da nake so in sani shi ne bashin goro da ke tsakanin mutane ya ya aka yi da shi, wa ya riƙe rumfar wanda ya tafi, wa ya ci amana wa ya riƙe. Irin wannan ba ya cikin fayil ɗin gwamnati, yana cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gadon kakanninmu.

Wata Hajiya a Akwatia Line ce ta ba ni aron littafin lissafin mijinta marigayi, dillalin goro ne, littafi mai bango baƙi wanda gefensa duk ya zama ruwan ƙasa. Na buɗe na kasa karanta ko layi ɗaya, alhali na yi makaranta na sauke, amma mu bugun Hafsu muka saba da shi, shi kuwa wannan rubutun hannu ne irin na mutanen da, na Warsu, wanda fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, ga Hausa ga Larabci a cakuɗe a layi ɗaya, wasali wani wuri akwai wani wuri babu. Ita ce ta ce in kai wa Malam.

Nan ne shagon ya fi ƙarfi, kuma nan zan daɗe. Abu na farko da Malam ya yi, ya sa yaron ya share tebur ya ɗauke kofin shayi, ya wanke hannu ya goge ya bushe sarai kafin ya taɓa littafin, kuma ba ya lasar yatsa ya juya shafi, da gefen wata 'yar farar takarda yake ɗagawa. Na ce Baba Malam ko a yi mini laminetin na shafukan da suka fara yagewa don kar su ƙarasa, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce ɗiyata, in aka sa wa takarda roba da zafi ta mutu ke nan, ba a sake ciro ta, kuma ma ba littafinki ba ne. Bai yarda a kifa shi a kan injin fotokwafi a danne ba don ƙashin bayan littafin zai karye, sai ya sa aka ɗauki hoton kowane shafi da waya a bakin ƙofa inda haske yake, ba filasha, yaron na riƙe da waya shi yana riƙe da shafi, aka haɗa mini su PDF da lambar shafi a jere. Wannan kulawar ni ban zata zan same ta a shagon unguwa ba.

Sai karatun. Yana karantawa a hankali da ƙarfi ni ina rubutawa, in ya zo inda tawada ta jiƙe ya kan ce nan ban gani ba, bar wurin a buɗe. Yana bayyana mini ma'aunin, ƙwarya goro ɗari ce, ga huhu, ga fari ga ja, ga ladan dillali a gefe, ga sunan maigidan da baƙon ya sauka a wurinsa. Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya taimaka mini na gano shekarun shafukan, don marigayin ba ya rubuta shekara sai jefi-jefi, wata kawai yake sawa, Rajab, Sha'aban, azumi. Malam ya ce dubi kuɗin. Shafukan farko duk fam da sule da kwabo ne, can gaba sai ga sidi ya fara shigowa, to sidi a watan Yuli 1965 aka fito da shi lokacin Nkrumah, sannan a Fabrairu 1967 bayan juyin mulki aka sake kawo sabon sidi wanda biyu ne fam ɗaya, saboda haka duk shafin da sidi ya bayyana ba zai wuce 1965 a baya ba. Ya kuma gargaɗe ni kar in juya lissafin, wato kar in ce duk shafin da ke da fam to kafin 1965 ne, don 'yan kasuwa sun ci gaba da ƙirga da fam a baki da a rubuce shekaru bayan an canza kuɗin. Sufabaizana da ya ga wannan bayanin a babi na uku sai da ya ja layi ya rubuta yabo a gefe, shi da ba ya yabon kowa.

Wani abin kuma, duk tsofaffin da na yi hira da su ba wanda ya ce mini Nuwamba, kowa cewa yake cikin azumi ne aka kore mu, ko aka kori su wane. Malam ya ce a duba, muka lissafa, Ramadan na 1389 Hijira ya kama ne wajen 11 ga Nuwamba 1969, wato dokar ta fito azumi na da kamar sati ɗaya, wa'adin kuma ya cika farkon Disamba mutane na bakin goman ƙarshe. A littafin dillalin ma a watan azumin nan ne rubutu ya rikice, sunaye da yawa an ja musu layi an rubuta ya tafi, wasu an rubuta amanarsa na wurin wane. Wannan shafin shi ne zuciyar aikina gaba ɗaya, kuma ba don Malam ba da hoto kawai zan manna a ƙarshen takarda ban san me ke ciki ba.

Kuma mutumin ya san tarihin garin ba laifi. Wata tsohuwa a hirarmu ta haɗa korar 1969 da korar Alhaji Amadu Baba ta mai da su abu ɗaya, Malam na jin rikodin ɗin ya ce a'a tsaya, waccan ta Nkrumah ce, 1957, Amadu Baba da Alhaji Usman Larden aka kora, rigimar siyasa ce ta lokacin jam'iyyar Musulmi da CPP ta Nkrumah, tsakaninta da ta Busia shekara 12. Na je na duba na samu haka ne, har doka ta musamman majalisa ta yi da sunayensu su biyu. Shi ne ma ya tuna mini cewa ba zan fara labarin goron Kumasi daga 1969 ba, sai na koma Salaga, tsohuwar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja a arewacin Ghana, yadda fatake ke zuwa Gwanja ɗaukar goro su kai ƙasar Hausa, yadda ƙarfin masarautar Asante a kan hanyar ya ragu bayan Turawan Ingila sun ƙona Kumasi a 1874, yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya watsa 'yan kasuwa zuwa Kete Krachi da sauran wurare, kama Prempeh sarkin Asante a 1896, sannan jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903 goro ya ƙara bin teku zuwa Legas. Duk wannan yana cikin littattafai, ba wai shi ya gano ba, amma jin sa daga bakin wanda kakansa ya bi hanyar daban ne da karanta shi a laburare ana sanyin esi.

To yanzu ga inda matsalar take, kuma ita ma daga ƙarfin nasu ta fito. Suna karɓar aikin mai da hirar murya zuwa rubutu, ka ba su rikodin ta WhatsApp ko fendiraif, Malam na saurare yana faɗa yaron na bugawa. Na ba su hirarraki na, da suka dawo mini da su na zauna da iyafis ina bi layi-layi sai na ga abubuwa a takarda waɗanda Hajiya ba ta faɗa ba. Ba ƙarya aka yi mata ba, a'a, Malam ne in ya ji ta ambaci wani mutum sai ya ƙara bayani, wane ɗan wane ne, gidansu na kaza, yaron kuma ya buga duka a haɗe ba tare da wata alama da za ta raba maganarta da tasa ba. Wani wurin kuma in ta yi maganarta irin tamu ta zango da yaren Twi a ciki sai a miƙe mata ita ta koma kamar mai karanta labarai a rediyon Kaduna, in ta yi kuskuren shekara a gyara mata shiru. A aikin tarihi wannan babbar ɓarna ce, don in na sa magana a bakin mace na ce ita ta faɗa ranar kaza a gidanta alhali rabi na wani ne, to shaidar ta lalace, kuma kuskuren da tsohuwa ta yi shi kansa abin nazari ne, yana nuna yadda mutane ke tuna abin. Na koma na ce Baba Malam don Allah abin da ta faɗa kawai nake so, ko da ba daidai ba ne, naka bayanin a sa shi daban a ƙasa da sunanka. Bai ji daɗi ba da farko, ya ce yanzu ɗiyata in bar kuskure ya shiga littafi ina gani, amma ya yarda, sai dai gyaran ni na yi shi da kaina don yaron ya ce sai an sake biya. Saboda haka in ka ba su wannan aikin ka faɗa musu tun farko, ka maimaita, sannan kar ka yarda da takardar sai ka bi ta da kunnenka. Kuma karatun ajamin ma, ka rubuta a aikinka cewa wani ne ya karanta maka da ranar da aka yi, sufabaizana ya nace a kan wannan kuma yana da gaskiya.

Taifin na furojet ɗin kansa kuwa, gaskiya kar ka ba su. Yaron yana da sauri a kan kibod kuma yana da ladabi, Sista Sista yake ce mini har na gaji, amma bai san futnot ba. Na kai masa fayil ɗina na Word don ya daidaita mini gefen shafi da lambobi kawai kafin a buga, ban san me ya taɓa ba lambobin futnot na babi na biyu suka koma farawa daga 1 a tsakiya, wasu kuma ya mai da su rubutun hannu a ƙasan shafi ta yadda in ka ƙara layi ɗaya a sama komai ya zame. Wanda ya taɓa zama a PRAAD na Kumasi, ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnati, yana kwafe lambar fayil ɗaya bayan ɗaya, ARG kaza layi kaza, da ranar kowace wasiƙa, da kwanan watan kowane bugu na Daily Graphic da Pioneer, shi ya san zafin a rikita masa su. Allah ya sa ina da kwafi a imel. Ka gama komai a kwamfutarka, ka mai da shi PDF, shi za ka kai, ka ce a buga kawai kar a buɗe wani abu. Fendiraif ɗina ma ya dawo da bairos, duk folda ta koma shotkot, saboda haka ta WhatsApp ko imel ya fi.

Lokaci kuma sai haƙuri. Gobe in sha Allah a shagon nan tana iya zama jibi ko gata, kuma ba wai ƙin aiki ba ne, Malam mutumin jama'a ne, yau suna gobe jana'iza jibi an kira shi sulhu, in ba ya nan ba mai karanta ajami. In dumso ya zo, wato an ɗauke wuta, suna da ƙaramin janareta amma kuɗin bugu na ƙaruwa kuma ba a gaya maka sai ka zo biya. Babu takardar farashi a bango, na bugu da fotokwafi dai daidai yake da na unguwa kuma ya fi na wajen Ayeduase da Bomso da ke kusa da jami'a sauƙi, amma na karatun ajami Malam cewa yake ki ba da abin da ya sauwaƙa, wanda ni ya fi sa ni cikin damuwa don ban san ko na ƙware shi ko na yi daidai ba, kuma kunya ba za ta bari ka tambayi dattijo sau biyu ba. Na tambayi Hajiyar da ta turo ni ta faɗa mini abin da ya dace, na ɗora ɗan goro a kai. Suna karɓar MoMo, wato biya ta waya. Benci ɗaya ne na zama, da rana ɗakin zafi paa, ga ƙarar masu walda a maƙwabta, in sauraron rikodin za ku yi ka zo da safe bayan an sha koko kafin su kunna injinsu. Lokacin salla kuma a rufe yake, wannan kowa ya sani.

Bayindin ɗinsu mai kyau ne. Na zoben roba suna yi nan take, na bango mai tauri da rubutun zinare kuwa kai shi suke wani wuri a Asafo su dawo da shi, don haka ka ba da kwanaki, ka kuma rubuta musu taken aikin da sunanka da manyan baƙaƙe a takarda ka duba harafi-harafi kafin su tafi da shi, ka tambayi sashenku kalar bangon da suke so tun kafin. Nawa ya fito tsaf, shafi bai zube ba, hotunan shafukan ajamin ma sun fito ana iya karantawa duk da baƙi da fari ne.

Abu ɗaya da na gani da idona wanda ya ƙara mini ganin girman wurin, wani saurayi ya shigo ina zaune ya ce shi an ce masa a nan ana haɗa furojet, yana da taken yana da kuɗi, a rubuta masa babi biyar. Malam ko ɗagowa bai yi ba ya ce ɗana mu nan bugu muke yi da karatu, ba ma yi wa mutum tunani, in ka rubuto ka kawo. Yaron kwamfuta na ga alamar ransa ya so kuɗin amma bai ce uffan ba. Masu irin wannan sana'ar suna nan da yawa a gari, su kwaso daga intanet su canza sunan gari su miƙa maka, ranar difens lakcara ya tambaye ka fayil ɗin nan da ka ambata a ina ka gan shi ka tsaya kana kallon silin. Haka kuma sirri, littafin dillalin nan akwai sunayen mutanen da jikokinsu ke raye a unguwa, ga bashin da ba a biya ba a rubuce ƙarara, Malam ne ya fara ce mini kar in sa sunayen a aikina sai na nemi izini ko in ɓoye su, ya kuma sa yaron ya goge hotunan daga wayarsa a gabana bayan ya turo mini.

Shagon ba zai maye maka gurbin akayif, wato ma'ajiyar tsofaffin takardu, ba, wannan a bayyane yake. Dole ka je PRAAD da wasiƙar gabatarwa daga sashenku, in aikinka ya shafi fada ka nemi na Manhyia, fadar sarkin Asante, in kuma rubuce-rubucen malamai kake bi irin na Alhaji Umaru na Kete Krachi wanda ya rasu a 1934, to Jami'ar Ghana da ke Legon za ka nufa, Cibiyar Nazarin Afirka, inda aka tara kwafin rubuce-rubucen Larabci da ajami tun shekarun 1960 lokacin masanin tarihi Ivor Wilks. Amma takardun gida, wasiƙar da kaka ya aiko daga Kano bayan ya tafi, rasit ɗin rumfa, takardar gado, lissafin goro, waɗannan ba su da katalog kuma masu iya karanta su a Kumasi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaron shagon ma na tambaye shi ko yana koya ya yi dariya ya ce Sista ni Turkiyya nake son tafiya.

In da maki zan ba su, karatun ajami da kula da tsohuwar takarda sun cinye duka, bayindin da bugu sun yi kyau, mai da hira zuwa rubutu rabi-rabi sai ka tsaya a kansu, taifin da futnot kuwa sifili. 'Yan shekara ta uku da ke tunanin taken zango, ko na korar 1969 ko na dawowar 'yan Ghana daga Najeriya a 1983 wanda shi ma ba a rubuta shi sosai daga ɓangarenmu ba, ku fara zuwa wurin Malam tun dogon hutu kafin layin masu bugu ya taru, ku tafi da cajin waya cike da littafin rubutu, kuma ranar Juma'a kar ma ku ɓata kuɗin mota, ba ya zama.